Ganyen da Na Tsinta a Gidan Gilashi

Samari, kafin in zama abin da za ku ji, ni mai sayar da lema ne a bakin titi. Sunana ba zai amfane ku da komai ba. Waɗanda suka san ni a titin Grand Concourse sun san ni, waɗanda ba su san ni ba kuwa Allah ya hutar da su.

A wani ƙauye kusa da Maraɗi aka haife ni. An sa ni lakkwal, makarantar boko ke nan, na ga mushe, wato malaminmu, ya fi riƙon bulala a kan alli, sai na bar masa ajinsa tun ban iya haɗa baƙi ba. Rubutun nan da kuke gani ma a gidan kaso na ƙarasa koyonsa, da furfura a gemuna, saboda haka in kun ga wata kalma ta karkace ku miƙe ta da kanku. Tun ina yaro hannuna ba ya zama wuri ɗaya, amma ban taɓa ɗaukar kaina ɓarawo ba. A garinmu in ka wuce gonar mutum ka tsinki zogale ko ka yagi yakuwa, ba wanda zai bi ka da sanda. In ma mai gonar ya gan ka, cewa zai yi ka ƙara, ka gaida mutan gida. Hatsi yana da mai shi, akuya tana da mai ita, amma ganye na Allah ne. Da wannan karatun na girma, da shi na hau jirgi na zo New York, shi ne kuma ya kai ni inda ya kai ni.

Na daɗe a titi. In ana zafi tabarau da hula, in ana ruwa lema, in sanyi ya shigo safar hannu. Lemata irin wadda iska ɗaya ke juyawa ciki ya koma waje ce, ni kuma in rantse wa mai saye cewa har jikansa zai gada. Wannan ma ban kira shi zamba ba, kasuwa na kira shi. Na sami takardu, na ɗauko matata Rabi, ta shiga shagon kitso, muka kama ɗaki a wani tsohon bene. Muna nan har gwiwoyina suka ce sun gaji da tsayuwa a kan ƙanƙara.

Wanda ya tsamo ni daga titi abokina ne, Mumuni, mutumin Zangon Kumasi da muka san juna a masallaci. Ya ɗan girme ni, Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Ɗan Maraɗi. Hausarsu ta Zango ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne a bakinsa har matarsa, na kuwa sha tsokanarsa a kan haka. A Park Hill yake zaune, yana aiki a wani gidan gilashi da ake renon tsirrai, can ƙarshen Staten Island, kuma shi ke riƙe da mabuɗin wurin. Ya kai ni gaban mai wurin ya ce ga ɗan'uwansa mai amana yana neman aikin shara da ban ruwa. Mai amana. Da bakinsa ya faɗa, ina tsaye na sunkuyar da kai kamar na Allah.

Mai wurin wata tsohuwar Baturiya ce 'yar firit, ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da ilimin tsirrai, ta yi ritaya. Madam muke ce mata. Dokokinta kamar na barikin soja. Kafin ka shiga sai ka taka wani faranti mai ruwan magani da takalmanka, ka wanke hannu. Kowane teburi da wuƙarsa a rataye, in ka yanki tsiro ɗaya sai ka goge wuƙar da sifirit kafin ka taɓa na kusa da shi. Na ce wa Mumuni wannan ai alwala ce ake yi wa ciyawa. Ya ce in yi alwalar, in ci albashina, in rufe baki.

A can ƙurya akwai wani ɗaki mai zafi da danshi, da ka shiga gumi zai karyo maka ko da dusar ƙanƙara na zuba a waje. Nan Madam ta ajiye abin da ta fi so a duniya, begoniya. Da na fara jin sunan na ɗauka wata 'yarta ce da ke karatu a wani gari. Akwai begoniya ta gama-gari da ake sayarwa a ƙofar manyan kantuna, amma wannan daban ce. Ganyenta a karkace yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kamar kunnen yaron da aka ja. Samansa kore ne mai duhu da ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa masa nono, ƙarƙashinsa ja wur kamar hanta. Karkatacciya na raɗa mata. Mumuni ya ce daga wani ɗan tsibiri a tsakiyar teku aka kawo ta, ba ta fita ko'ina a duniya sai a jikin duwatsun kurmin bakin ruwan wurin, inda inuwa da raɓar teku suke haɗuwa. An sare kurmin an yi otal-otal da gonaki. Madam ta je can tun da ƙarfinta, mutanen tsibirin suka ba ta izinin ɗauko iri, bisa alkawarin za ta rene su ta mayar in an killace ɗan abin da ya saura na kurmin. 'Yan tukwanen da ke ɗakin nan, a iya sanin Madam, su ke nan suka rage.

Na ce Allah sarki. A raina kuwa cewa na yi, Nasara da rashin aikin yi.

Wata rana ina shara a ɗakin na ga ganye ɗaya a ƙasa. Ban tsinke shi ba, Allah ne shaidata, faɗowa ya yi. Dokar wurin ita ce duk abin da ya faɗi a zuba shi a wani bokiti mai murfi a ƙone. Na ɗauka, na juya shi, na ɗan ciji gefensa don in ji, sai na ji tsami kamar yakuwa. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe yakuwar tsibiri ce ake yi wa wannan gata. Na sa shi a aljihun riga. Ganye ne kawai.

Na sha ganin yadda Mumuni ke tsirar da su: a kwantar da ganye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a ɗan tsaga jijiyoyinsa, a rufe. Na yi haka a gida cikin robar abinci, da farcena na tsaga jijiyoyin, na ajiye a banɗaki inda tururi yake. Don wasa na yi. Bayan 'yan makonni sai ga wasu 'yan kunnuwa sun ɓullo daga jikin ganyen, ƙanana kamar ƙumbar jariri, su ma a karkace. Ɗaya ta rayu. Ni da ko kaza ban taɓa kiwo ta yi rai ba. Na tsinto tsohon akwatin gilashi na kifi da wani ya yar a bakin titi, na sa tukunyarta ciki, na rataya mata ƙwan fitila. Rabi ta tambaye ni mene ne, na ce maganin hawan jini ne wani malami ya ba ni, ba a taɓa shi sai ya ba da izini. Ta ce in izinin ya zo in sam mata, ita ma jinin na damunta.

Da abin ya tsaya nan da ba ku ji ni ba. Amma akwai wani mai kawo mana buhunan ƙasa da taki a mota, dogon Bature mai ɗan gemu da yawan fara'a, Gemu nake ce masa. Wata rana muna sauke kaya ya tambaye ni ko ina shiga ɗakin ƙurya. Na ce kullum. Ya ce akwai mutanen da ba su da aiki sai tara tsirran da babu irinsu, a kan ganye ɗaya za su biya abin da zan daɗe ina shara ban gani ba. Ya ce ba tukunya zan ɗauko ba, ba saiwa zan tuge ba, uwar tana nan, gobe ta fitar da wani. Wato karatun garinmu ya biya mini da Turanci, ni kuma na ce haka ne, malam.

Ban ba shi ta gida ba, ban ma gaya masa da ita ba. Raina ne dai bai so a yanke ta. Na Madam na fara yanka. Wuƙaƙen wurin a rataye suke a idon kowa, sifirit kuma yana da wari, sai na ɗauko rezata. Kun san mu mutanen da, ba ma rabuwa da reza a aljihu, a naɗe a takarda, da ita ake yanke ƙumba, a gyara gashin baki, a fere asuwaki. Sai in sunkuya kamar mai shara, in zaɓi ganyen da ke can ƙasa ta baya, in yanke, ya shige leda. Ranar farko don tsoro har na yanki yatsa. Ta biyu ko a jikina.

Masu saye suka yi yawa, ganye ya yi kaɗan. Gemu ya kawo dabara. Ya ce tun suna ƙanana, begoniyar kanti mai ɗigo-ɗigo da ta tsibiri ba a rabe su. Ya riƙa kwaso waɗanda kantuna suka karyar da kuɗinsu saboda sun fara lalacewa, mu yayyanka su a garejinsa, ya aika wa mutane ta gidan waya da sunan ta tsibiri, da hotunan da na ɗauko masa a ɗakin Madam da wayata. Kafin mai saye ya gane an yi watanni. Ni ne mai yanka, don hannuna ya faɗa. Da wace reza? Da rezar nan dai. In yanki na kanti masu tabo-tabo ran Lahadi, in naɗe ta a takardarta, ran Litinin in yanki na Madam da ita. Ina taka farantin magani, ina wanke hannu har gwiwa, cutar kuwa tana cikin aljihuna muna shiga tare.

Da farkon sanyi abin ya fara. Madam ta ɗaga wani ganye a hasken fitila, sai ga wasu ɗigo kamar an ɗiga mai, kewaye da rawaya. Cikin 'yan kwanaki suka haɗe suka yi baƙi, kara ya yi laushi ya kwanta yana wari. Aka ware wasu, aka fesa magani, aka ƙone wasu, amma kowace safiya sai mu tarar wata tukunyar ta faɗi. Ni nake kwashe gawarwakin in kai bokiti. Madam ta aika da ganye wani wurin bincike, aka ce cuta ce mai bin wuƙa da ruwa, daga waje aka shigo da ita. Sai ta ɗauki gilashin nan mai ƙara wa abu girma ta bi karan tsirran ɗaya bayan ɗaya. Ta ga wuraren yanka a ƙasa ta baya, inda ba ita ta yanka ba, ba ta kuma sa a yanka ba. Ana cikin haka wani ya nuna mata hoton begoniyarta an sa a kasuwa a intanet, ga teburinta a bayan hoton.

Daga ranar tsoro ya shiga cikina ya shimfiɗa tabarma. 'Yan sanda suka zo cikin farin kaya. Ni mai shara ne, Turancina na sayar da lema ne, na kuma ƙara dagula shi da gangan har suka gaji suka ƙyale ni. Mumuni ne mai mabuɗi, shi ne mai yanka, shi ya san yadda ake tsirar da ganye. Suka shige ofis da shi tun safe har azahar. Madam ta ce ya zauna a gida sai an gama bincike. Ya ajiye mabuɗin a kan teburi, ya zo wucewa ta gabana ya ce in riƙa duba hitar da ke ɗumama ɗakin ƙurya, tana mutuwa da kanta. Ko kallon zargi bai yi mini ba.

Gemu ya kashe waya ya ɓace. Tukunya ta ƙarshe ta mutu a makon. Na ga Madam ta tsaya a tsakiyar ɗakin, babu komai sai teburan banza, ta ce, ba ma da ni take ba, "Na yi musu alkawari." Ina riƙe da tsintsiya a bayanta, ni kaɗai a duniya na san akwai sauran ɗaya, tana banɗakina kusa da bokitin wankin Rabi.

Ku dubi halin da na shiga. Abin da zai kai ni kaso yana zaune a gidana ƙarƙashin fitila, ya yi ɓul-ɓul, yana ta fitar da sababbin kunnuwa, don rezata ba ta taɓa kusantarsa ba. Jiniya ba ta yankewa a Concourse, kowacce na ji sai in ce tawa ce. Mai gyaran famfo na bene ya ƙwanƙwasa ƙofa, na ce masa famfonmu lafiya lau, alhali yana ɗiga har ƙasa. In ina zaune wurin mai shayi sai in tuna Rabi da hawan jininta, in hango ta tana tsinke ganyen ƙarshe a duniya tana jefawa a tukunya, sai in tashi in bar shayin in hau matakala da gwiwoyin da na ce sun mutu. Na jefa rezar a teku daga kan feri, jirgin ruwan da ke kai mu aiki. Na goge hotunan waya. Saura Karkatacciyar banɗakina.

Wata Alhamis Rabi ta tafi shago, na tafasa ruwa a buta na shiga da shi banɗaki. Kofi ɗaya ya isa. In zuba, in juye ƙasar a shara, in fitar da gilashin, shi ke nan ba mai sani har abada. Mumuni kuwa tunda bai yi ba Allah zai fitar da shi, haka na gaya wa kaina, kun ji tauhidin ɓarawo. Na ɗaga murfin. Ashe ta yi fure, karo na farko, 'yan ƙanana farare da ɗan ja a baki. Na tsaya da butar a hannu har tururinta ya ƙare. Kada in yi muku ƙarya in ce tausayi ne. Tsoro ne, wani iri da ban san shi ba, wanda ya fi na 'yan sanda. Allah ya yi halittarsa, ya ajiye ta a jikin dutse a tsakiyar teku tun kafin kakannina, sai ni, mai lemar bogi, in zama wanda ya shafe ta daga bayan ƙasa da ruwan shayi. In an tambaye ni gobe me zan ce? Na mayar da murfin. Ban kashe ta ba, ban kuma yi niyyar mayar da ita ba. Na zauna a tsakiya kamar yadda na saba.

Washegari bayan Juma'a Mumuni ya biyo ni gida. Tun daga Park Hill ya zo masallacinmu don ya gan ni. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Rabi ta kawo abinci, ya ɗan taɓa. Ya ce lauyansa ya ce ya nemo wanda zai shaidi halinsa, shi kuma ba wanda ya fi ni saninsa a wurin aiki. Ya ce matarsa ba ya iya barci, 'ya'yansa sun daina tambayarsa yaushe zai koma. Na ce in sha Allahu Yaya, ko'ina zan tsaya maka. Ina faɗa ina jin harshen kamar aro na yi.

La'asar ta yi. Ya miƙe yana naɗe hannun riga, ya ce bari ya kama ruwa. Na ce banɗakin ya toshe.

Rabi ta leƙo daga kicin ta ce, "Toshe kuma, Malam? Yanzu na fito daga ciki. Shiga abinka, Yaya, ka dai yi hankali da maganin hawan jininsa, ko kallo ba ya so a yi masa."

Ya shiga ya rufe ƙofa. Na kasa kunne. Babu ƙarar famfo, babu motsi. Na dubi taga, har na fara auna nisanta da ƙasa. Sai can na ji ruwa ya fara zuba. Ya fito yana share fuska, ya shimfiɗa darduma, ya ja gefe.

"Shiga gaba, kai ne maigida."

"Yaya, ai ka girme ni."

"Gidanka ne. Shiga."

Na shiga. La'asar ba a karatu a bayyane, wannan ne kawai ya rufa mini asiri, don Fatiha ma sai da ta ɓace mini. Kafaɗarsa tana gogar tawa, ina jin numfashinsa a natse, nawa kuwa kamar na wanda kare ya biyo. Ban taɓa sanin sallah na da tsawo haka ba.

Muka sallame, ya yi addu'a, ya gode wa Rabi, na raka shi bakin matakala. Ina jira ya shaƙe ni ko ya tofa mini yawu, da ya yi ma da na ji sauƙi. Ya gyara takalminsa ya ce, "Ɗan Maraɗi, tagar banɗakinka iska yana shiga ta ƙasa. Ka toshe da tsumma. Ba ya son sanyi." Ya fara sauka, ya tsaya bai juyo ba. "Maganar lauya kuma ka bar shi. Zan nemi wani."

Na koma na toshe tagar da tsumma. Sannan na zauna a bakin baho na gaya wa Rabi komai. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ce wato Yaya Mumuni za a ɗaure a kan maganin hawan jinina. Ta tashi ta ɗauko babbar kular da take kai abinci gidan suna, ta wanke ta, ta kife ta ta bushe. Da safe ta cika kwalabe da ruwan ɗumi, ta naɗe su a zane, ta jera su a ciki, ta ce in sa tukunyar a tsakiya. Ba ta ce in je ba, ba ta ce kar in je ba. Ta dai miƙo mini hular sanyi.

Sanyin ranar irin mai yankan kunne ne. Na shiga jirgin ƙasa na layin D da kular a ƙirji, duk wanda ya matso sai in kare ta da kafaɗa. A tashar feri ga 'yan sanda da karensu suna bin jakunkuna. Karen ya taho kaina kai tsaye, ina jin ƙamshin tsohuwar miyar Rabi ya jawo shi. Ɗan sandan ya tambayi abin da ke ciki. Na ce fulawa. Ya ce in buɗe. Na ce sanyi zai kashe ta, ya dube ni, na ɗan ɗaga murfin kaɗan. Ku ji wauta: da ƙafata nake kai kaina kaso, amma tsorona kada a kama ni kafin in isa, a ajiye ta a wani ofis mai sanyi ta mutu. Ya leƙa, ya ce tana da kyau, ya ce in wuce. A cikin jirgin na zauna nesa da ƙofa na rungume ta. Daga tsibiri ta fito, ga ta kuma a kan teku, a cinyar ɓarawo.

Na tarar da Madam ita kaɗai tana wanke tebura. Na tsaya a bakin ƙofa, na ajiye kular, na buɗe. Ta duba, ta cire tabarau, ta mayar. Na ɗauka za ta tambayi inda na samo ta. Ta ce, "Da me ka yanke ta?"

Na ce ban taɓa yankarta ba, daga ganyen da ya faɗi ne tun kafin cutar, da farcena na tsaga shi.

Ta ce kada in matsa daga inda nake. Ta sa sabuwar safar hannu, ta ɗauki tukunyar ta kai cikin gidanta, nesa da ɗakin ƙurya. Da ta dawo ta zauna a kan buhun ƙasa ta ce in faɗi sauran. Na faɗa, da Gemu, da gareji, da hotuna, da reza. A wurin rezar ne ta rufe fuska da hannu. Na ce Mumuni bai san komai ba. Ta ce za ta kira shi, amma 'yan sanda za ta fara kira. Na ce na sani. Ta nuna mini kujera kusa da hita, na zauna na jira su.

Aka kamo Gemu a wata jiha, hotunan da na goge duk suna nan a wayarsa. Laifin ba na ganye kaɗai ba ne, har da zambar mutane ta gidan waya. Alƙali ya ce ya duba shekaruna, ya duba cewa ni na kawo kaina, amma ya ɗaure ni. Da ban riga na zama ɗan ƙasa ba, daga kaso filin jirgi za a wuce da ni.

Ba zan yi muku ado a kan kaso ba. Ƙarar ƙofar ƙarfe har yau in na ji irinta sai na waiga. Fitila ba ta mutuwa, ihu ba ya ƙarewa, yaro sa'an jikanka zai ce ka tashi daga kujera, ka kuwa tashi. Tsoho a can ba Baba ba ne. Na koyi tafiya a jikin bango, na koyi cin abinci ido a ƙasa. A Concourse kuwa labari ya bazu cewa an kama ni da ganye, kun kuma san abin da mutanenmu ke nufi in sun ce ganye. Mata a shagon kitso suka riƙa yi wa Rabi jaje, wai tsoho da furfura yana dillancin wiwi. Da ta zo ziyara ta ce ta rasa wanda za ta zaɓa, ta bar su a kan wiwi, ko ta gaya musu fulawa na sata na kuma bari aka zargi aminina. Ta ce na farkon ya fi sauƙin faɗa.

Ranar da na fito ita kaɗai na tarar a bakin ƙofa. Na tuba, ina kuma kan tuba. Yanzu shara nake yi a wani bene a Concourse Village, aski kuma wurin wanzami nake zuwa. Na je Park Hill na durƙusa a ƙofar Mumuni. Ya ɗaga ni, ya ce ya yafe tun ranar la'asar ɗin. Madam ta mayar masa da mabuɗinsa. Amma bai ƙara ce mini Ɗan Maraɗi ba. Malam yake ce mini yanzu, da ladabi, kamar baƙo.

Wata Juma'a bayan sallah ya tsayar da ni ya nuna mini hoto a waya: dutse mai gansakuka, inuwar bishiyoyi, teku a baya, ga 'yan karkatattun ganyaye a jikin dutsen. Ya ce daga ta banɗakina aka tsirar da su duka, Madam ya cika alkawarinsa. Tsohon halina ya motsa, na ce, "To Yaya, ka ga da ban ɗauki ganyen nan ba..."

Ya mayar da wayar aljihu. "Da ba ka ɗauka ba, Malam, da uwarsa da danginsa duk suna nan. Waɗannan jini ɗaya ne. Cuta ɗaya ya isa ya kwashe su."

Saboda haka, samari, kada wani ya karanta wannan ya ce satar tsoho ta yi amfani. Ba ta yi ba. Ba wanda ya taɓa zuwa mini da maganar fasa kanti, da ya zo da na kore shi da zagi. Da "kawai" aka kama ni: ganye ne kawai, hoto ne kawai, yau ne kawai. Duk ranar da kuka ji bakinku ya liƙa "kawai" a bayan abin da ba naku ba, ku mayar da shi inda kuka gan shi, ku nemi mai shi. In kuma wani ya tsaya gaban mutane ya ce ku masu amana ne, ku sani wuyansa ya ba ku riƙo.

Shekaranjiya ina sharar matakala na tsinci ganye ɗaya, ya faɗo daga tukunyar wata mata da ke can sama. Na hau da gwiwoyin nan nawa, na ƙwanƙwasa mata ƙofa, na miƙa mata. Ta dube ni, ta dubi ganyen, na ga alama ta ɗauka na taɓu. Ta dai karɓa. Na sauko a hankali ina dafa bango, aljihuna babu komai.